Dusar Ƙanƙara a Ɗakin Pak Kusnadi

"Ni ba na awo," in ji Pak Kusnadi. "Awo na masu shakkar kansu ne. Idon nan nawa da kuke gani, in na kanne shi na dubi katako, har kaurin gashi ina ganewa. Da ƙasar nan ta san darajar mutane, da tuni an ba ni dogo in shimfiɗa daga nan Malang har bakin teku."

Yana faɗin haka ne a rumfar kofi ta bakin layinmu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan benci, jar hular shugaban tasha na kansa. Kada hular ta ruɗe ka, aboki. Mutumin nan bai taɓa yi wa jirgin ƙasa aiki ba ko na yini guda. Inshorar babur ya yi ta sayarwa har ya yi ritaya, hular kuwa a kasuwar gwanjo ya tsince ta, aka yi masa gyara da usur. Tun daga ranar, ko jana'iza za shi sai da ita. Mu kuwa a bayan idonsa Shugaban Tashar Babu Jirgi muke ce masa.

Mu ɗin su wane ne? 'Yan ƙungiyar ƙananan jiragen ƙasa na unguwa, tsofaffin da suka ƙi girma. Mukan shimfiɗa dogo mai faɗin ɗan yatsa a kan allon katako, mu gina tasha kamar kwalin ashana, mu dasa itatuwan soso, mu jona wuta, mu zauna muna kallon jirgi na zagayawa kamar waɗanda aka yi wa asiri. Ni Gunarso, ana ce mini Mas Gun, aski nake yi, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da Pak Kusnadi. Gwaninmu Koh Bing ne mai shagon kayan lantarki, mutumin da zai yini yana manna ciyawa ƙwaya-ƙwaya bai ce uffan ba. Pak Kusnadi shi ne ya fi kowa kaya, ya fi kowa magana, kuma shi kaɗai ne jirginsa bai taɓa zagayawa ya dawo inda ya tashi ba.

To, bai san matarsa na tsaye a bayansa ba. Bu Tarmi ke nan (a wurinmu babbar mace Bu ake ce mata, namiji kuma Pak), ta kawo wa mai rumfa tempe, kwando a kwankwasonta. Matar nan tempe take yi na sayarwa, wato farin curin waken suya da ake yankawa a soya, kuma kasuwa ta buɗe mata. Falo tempe, baranda tempe, ƙarƙashin gado tempe. Ɗakin baya kaɗai ya rage wanda waken suya bai ci da yaƙi ba, kuma nan ne daular Pak Kusnadi.

"Pak," ta ce, "wannan dogon da za ka kai bakin teku, shi ne wanda ya kasa kaiwa bakin ƙofar ɗakin baya?"

Ya sauke ƙafarsa daga benci. "Bu, maganar maza ake."

"Ai na ji. Ni maganar ɗaki nake. Shekara da shekaru ka cika shi da katako da waya, ban taɓa ganin ko ƙadangare ya motsa a ciki ba. Ni kuma masu saye nake mayarwa saboda ba ni da wurin jera kaya."

Mai unguwarmu, Pak Harjo, yana gefe yana tsoma soyayyar ayaba a kofi. Mutum ne mai son sulhu, musamman in akwai abin ci a kusa. Shi ya yanke magana: ranar bikin 'yancin kai, a fito da allon Pak Kusnadi gaban jama'a. In jirgi ya tashi daga tasha, ya zagaya, ya dawo tasha, ɗaki na Pak Kusnadi ne, Bu Tarmi ba za ta sake ɗaga zancen ba. In bai dawo ba, ta kafa katakon jera tempe.

"Sau ɗaya kawai?" in ji Pak Kusnadi, yana dariya har da dukan cinya. "Bu, ki fara neman haya."

Na bi shi muka koma gida, sai na ga dariyar ta tsaya a bakin layi. In gaya maka gaskiya, tausayinsa na ji. Ɗakin nan shi ne kaɗai wurin da ake tambayarsa izini kafin a shiga. A sauran gidan kuwa, mutum ne da ake ce wa ɗaga ƙafarka in wuce da tire.

Washegari ya fara shimfiɗa dogo. Na leƙa da tef ɗin awo a hannuna, ya kalle ni kamar na kawo masa maganin basir a gaban surukai.

"Mayar da abinka aljihu, Mas Gun. Ka ga, manyan injiniyoyi daga gefe biyu suke farawa, su haɗu a tsakiya. Haka zan yi. Wannan layi ya tashi daga tasha ya yi dama, wannan ya yi hagu, su gamu a can baya kamar ango da amarya."

Ya manna dogon da gam mai ƙarfi, ya bi da ƙusoshi don kada ya canza shawara. Da layukan biyu suka iso bayan allo, sai suka wuce juna ba ko sallama. Tsakaninsu tafin hannu guda, kuma na dama ya fi na hagu tudu.

Koh Bing ya zo ya duba, ya daɗe yana dubawa. "Ango da amaryar nan," ya ce, "ba unguwa ɗaya aka kai su ba."

"Da gangan na yi," in ji Pak Kusnadi. "Kai me ka sani? Layi miƙaƙƙe ai na yara ne."

Ya ɗauko wani guntun dogo, ya lanƙwasa shi da filaya har ya koma kamar macijin da mota ta taka, ya haɗe bakunan biyu da shi. Abin mamaki, in ka tura kan jirgi a hankali, kana yi masa addu'a, yakan wuce. Sai dai munin wurin ba ya kalluwa. Nan fa babbar dabara ta faɗo masa.

"Dutse!" ya ce. "Zan gina dutse a kan wurin, jirgi ya shiga ta rami ya fita ta rami. Wa zai ga abin da ke ciki? Kuma ba irin tsibin ƙasar da Koh Bing ke yi ba. Dutsen Suwizalan, mai dusar ƙanƙara a ka. Na san ƙasar nan kamar yunwar cikina."

Sanin da ya yi wa Suwizalan, a kalandar wani kantin magani ne, wadda ke rataye a bayan ƙofarsa tun kafin furfura ta fito masa.

Mu duka da filasta muke gina dutse. Shi ya ce filasta ta malalata ce. Dutsensa na farko da farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya ya yi shi, wanda ake kare firiji da shi a cikin kwali. Ya sassaƙa shi da wuƙar kicin, ɗakin ya cika da farin gari har cikin hancinsa. Ya kira mu mu shaida fenti. Koh Bing na ganin gwangwanin fentin feshi ya buɗe baki zai yi magana, Pak Kusnadi ya ɗaga masa hannu.

"Koh, yau ranar kallo ce, ba ranar koyarwa ba."

Ya girgiza gwangwani ya fesa. Dutsen ya yi wani ɗan ƙara, tsiii, ya fara lotsawa daga sama. Muna tsaye ƙololuwar ta zauna, kafaɗun suka bi ta, kafin ka ce me, Suwizalan ta koma wani baƙin danƙo mai wari a tsakiyar allo.

"Gwaji ne," in ji shi, yana tari. "Yanzu na gane soson jabu ne."

Dutse na biyu da tsofaffin jaridu ya yi shi, ya manna su da kokon rogo. Wannan kam ya tsaya da ƙafarsa, har na fara murna. Amma kokon rogo abinci ne, kuma kyankyasan Malang ba sa jiran katin gayyata. Da muka dawo dubawa, dutsen ya yi ramuka sun fi goma, kowanne da gashin baki biyu na leƙowa. Wani ƙaton kyankyaso ma yana zaune a kan dandamalin tasha kusa da 'yan mutanen roba, kamar mai jiran jirgin safe.

"Ka samu fasinjoji, Pak Kus," na ce.

Bai yi dariya ba. Biki ya matso, an fara rataya tutoci ja da fari a layi, Bu Tarmi kuma ta riga ta kira kafinta ya zo ya auna bangon ɗakin daga waje. Pak Kusnadi na jin ƙarar tef ɗin kafintan ta taga, yana cizon yatsa.

Dutse na uku shi ne labarin.

Ran nan da la'asar Bu Tarmi ta tafi taron adashin mata. Ta bar manyan tire na waken suya a tsakar gida, dafaffe, ɓararre, yana shan iska. Pak Kusnadi ya fito neman ashana, idonsa ya faɗa kan waken. Ya tsuguna, ya kanne idon nan nasa mai ganin kaurin gashi. Me zai gani? Duwatsu! Ƙananan duwatsu masu launin ƙasa, kowanne da siffarsa, daidai girman da zai dace da ɗan mutumin roba. Har da wani farin gari-gari a jikinsu, kamar ƙurar dutse ta gaske.

Farin garin nan ragi ne, irin da ake barbaɗa wa wake don ya zama tempe. Ko yaron goye a layinmu ya san haka. Amma Pak Kusnadi, wanda tempe ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya saya masa kan jirgi ɗan Jamus, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin sa ba. Shi dai ya san yana zuwa a faranti.

Ya saƙa gindin dutse da tsagin gora, ya kwashe tire biyu, ya dinga dambara waken yana dannawa da hannu, kauri ya fi taƙi. Har cikin ramin jirgi ya shafe da shi, wai bangon rami ma ya zama na dutse. Ya dasa 'yan shanun roba a gangare. Sa'an nan, don kada Koh Bing ya leƙo ya saci fasaha, ya lulluɓe dutsen ruf da ganyen ayaba, wanda a gidan ya fi tsumma yawa. Don ya bushe da wuri kuma, ya kunna ƙwan lantarki a ƙarƙashin allo, ya rufe taga da ƙofa.

Ka ji fa. Dafaffen wake, ragi, ganyen ayaba, ɗumi. Bu Tarmi da kanta ba za ta shirya shi fiye da haka ba.

Bayan kwana biyu ina cikin yi wa wani aski sai ga shi a guje, hula a karkace.

"Mas Gun! Ajiye almakashi! Kira Koh Bing! Allah ya yi!"

Muka shiga ɗakin, ya yaye ganyen ayaba kamar mai buɗe amarya. Wallahi, aboki, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a kan allon jirgi ba. Dutsen ya yi fari fat tun daga ƙololuwa har gindi, fari mai laushi kamar audugar da aka shiƙa, duwatsu na ɗan leƙowa ta ƙarƙashi. Shanun roba sun nutse har gwiwa. Kalandar bayan ƙofa ma sai ta koma abin tausayi.

"Dusar ƙanƙara," ya ce a hankali, idonsa ya kawo ruwa. "Ban fesa komai ba. Da kanta ta sauka. In aiki ya kai aiki, har yanayi yakan ba da haɗin kai."

Koh Bing ya ɗora bayan hannunsa a gangaren dutsen, ya juyo ya dube ni. Ni ma na taɓa. Ɗumi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi.

"Pak Kus," na ce, "ƙanƙararka da zafi."

"Akwai aman wuta a ƙarƙashi. Kai ba ka karanta labarin ƙasa ba?"

"Kuma tana ƙamshin tempe."

"Mas Gun, a gidan nan har matashin kaina ƙamshin tempe yake. Liman ma in na tsaya kusa da shi a sahu, yunwa yake ji."

Na ce masa a fili, dutsen nan yana da rai, kuma girma yake yi. Na ce ya leƙa ramin ya gani. Ya ce ba za a taɓa rami ba sai ranar biki, manyan ayyuka ba a buɗe su sau biyu. Ya ƙara da cewa hassada ba ta yi wa mai aski kyau, tana sa hannu rawa. Daga nan na ja bakina. Na yi iya nawa, Allah na gani.

Muna nan sai Bu Tarmi ta turo ƙofa, ba ta nemi izini ba.

"Pak, tire biyu na wakena sun yi ƙafa. Ko ka ga..."

Maganar ta tsaya. Ta dubi dutsen, ta dubi ganyen ayaba a ƙasa, ta sunkuya ta ga ƙwan lantarki. Ta matso ta danna gangaren da babban yatsa, ta shinshina yatsan. Ni na zaci ranar za a yi ta. Sai kawai na ga fuskarta ta yi wani irin laushi.

"Mayar da ganyen ka rufe shi," ta ce. "Kada iska ta buge shi. Ka kashe fitilar nan kuma, ɗumin ya isa. Ranar biki zai yi daidai."

Tana fita ya buga ƙirji. "Kun gani? Ta sallama! Har shawara take ba ni. Mace in ta ga aikin injiniya, jikinta sanyi yake yi."

Ranar biki da hantsi muka taru mu shida don fito da allon. A nan muka gano cewa a cikin ɗakin aka harhaɗa shi, kuma idon da ba ya awo bai auna ƙofa ba. Muka juya shi ta tsaye, muka juya ta kwance, ya ƙi. Dole aka kira kafinta ya ɓalle ƙyauren da katakon gefensa gaba ɗaya.

"Madalla," in ji Bu Tarmi daga tsakar gida. "Da ma ƙofar ta yi wa katakona ƙanƙanta."

Filin unguwa ya cika maƙil. Can samari na ta zamewa daga sandar da aka shafe da mai, nan yara na tseren buhu. A ƙarƙashin babbar rumfa matan unguwa na gasar girki, manyan kasko na tafasa da mai. Kusa da su aka ajiye allonmu a kan tebura biyu. Da aka yaye ganyen ayaba, jama'a suka yi "Kai!" gaba ɗaya. Dutsen ya ƙara ƙiba. Shanun da suka nutse har gwiwa, yanzu ƙahoninsu kaɗai ake gani.

Pak Kusnadi ya sha farin kaya, jar hula, farar safar hannu. Ya karɓe lasifika daga hannun mai unguwa ya yi jawabi a kan tarihin dogo tun daga Turai har zuwa kansa. Ya gode wa Koh Bing "wanda ya yi ƙoƙari daidai gwargwadon fahimtarsa." Ya ce wa Bu Tarmi kada ta damu, zai ba ta aron lungu ɗaya ta ajiye tsintsiya. Sa'an nan ya ɗora kan jirginsa ɗan Jamus a tasha, baƙi mai jan ƙafafu, da tarago uku, ya busa usur, ya murɗa wuta.

Jirgi ya tashi. Wallahi ya tashi! Ya wuce gonar shinkafa ta soso, ya haye gadar tsinken sakace, ya sha kwana yara na bin sa da ihu. Ni kaina sai da na kama cewa Allah ka fid da bawanka. Ya nufi bakin rami, wanda farin gashi ya rage masa faɗi, ya kutsa kai, tarago na farko ya shige, na biyu ya shige, na uku ya shige.

Kowa ya juya ga ɗaya bakin ramin.

Shiru.

"Ramin da tsawo," in ji Pak Kusnadi.

Muka ci gaba da jira. Can sai wani abu ya motsa a bakin ramin, jama'a suka miƙa wuya. Wata tsaka ce ta fito, fari ya rufe mata kai kamar ta yi rawani, ta tsaya a kan dogo ta dube mu, ta bi layi tiryan-tiryan har tasha. Yara suka ɓarke da tafi.

"Wannan ba ya cikin lissafi," in ji mai unguwa. "Jirgi muka ce."

"Yana tsayawa ne a tashar ƙarƙashin ƙasa!" in ji Pak Kusnadi, gumi na bin wuyansa. "Haka ake yi a can. Fasinjoji na sauka."

Ya murɗa wuta har ƙarshe. Dutsen ya fara gurnani daga ciki, wani zuuu kamar ƙudan zuma a tulu. Dusar ƙanƙara ta soma rawa. Sai ga siririn hayaƙi na fita ta ƙololuwa.

"Aman wuta!" yara suka yi ihu. "Dutse zai fashe!"

"Na gaya muku!" in ji Pak Kusnadi. "Duk cikin shiri ne!"

Amma hayaƙin nan ba warin wuta ya kawo ba. Ƙamshi ya kawo, ƙamshin gasasshen wake mai tayar da yunwa. Matan rumfar girki suka saki ludayi, suka fara matsowa suna shinshina iska. Koh Bing ya zare waya daga soket don kada injin ya ƙone. Pak Kusnadi ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin rami har kafaɗa, kuncinsa manne da gangaren dutse, yana lalube yana kiran jirgin da sunaye masu daɗi. Da ya zaro hannun, babu jirgi, babu safar hannu, sai farin gashi har gwiwar hannu.

"Matsa, Pak," in ji Bu Tarmi.

Wuƙarta ce a hannunta, doguwar nan ta yankan tempe. Ta dafa ƙololuwar Suwizalan, ta tsaga ta tun daga sama har ƙasa, ta buɗe gida biyu. Matan suka yi salati. Ciki ya kame tam, wake ya jeru farin zare ya ɗinke shi, babu baƙi, babu ruɓa, tururi na tashi.

"Bu Tarmi," in ji wata tsohuwa cikin alƙalan gasa, "shekarata nawa ina yin tempe, ban taɓa ganin mai kauri haka ya nuna har tsakiya ba. Wa ya yi wannan?"

"Injiniya," in ji Bu Tarmi.

Kafin Pak Kusnadi ya haɗiye yawu, an yanka gangaren gabas an tsoma a ƙullu an jefa a mai. Gangaren yamma ya bi. Layi ya kafu tun daga rumfa har bakin titi, kowa da ɗan ganyen ayabarsa da barkono. Shi kuwa yana zagaye tebur yana ihu, "Kada ku ci! Wannan ƙololuwa ce! Ku ajiye mini ramina!" Wa ke jin sa? Ni ma na ci yanka biyu, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi daɗi.

A daidai lanƙwasar nan mai kama da macijin da mota ta taka aka sami jirgin, ya sauka daga dogo, tempe ya rungume shi ta ko'ina. Bu Tarmi ta yanko shi da ƙatuwar ƙulla guda, bututun hayaƙi kaɗai ke leƙowa. Ta ɗora a faranti, ta taka a hankali ta zagaya teburin, ta dire farantin a kan tasha.

"Ga jirginka, Pak."

Kai, mutumin nan bai san faɗuwa ba. Idonsa ya yi haske, ya fizgi lasifika.

"Jama'a shaida! Ya dawo tasha! Sharaɗi ya ce ya tashi, ya zagaya, ya dawo. Ba a ce ta yaya ba! Pak Harjo, yanke hukunci!"

Mai unguwa na tsaye bakinsa cike. Ya ɗaga hannu a jira shi, ya tauna, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya sa yatsu biyu ya zaro wata 'yar saniyar roba daga bakinsa, ya ajiye ta a gefen ganye.

"Pak Kusnadi," ya ce, "abin da ya iso a faranti ba jirgi ba ne. Abinci ne. Bu Tarmi, ɗaki naki ne."

Na zaci nan ne ƙarshen wulaƙancin, ashe da saura. Da yamma aka zo rabon kyaututtuka, alƙalan gasar girkin mata suka ce ba su ga abin da ya kama ƙafar dutsen ba. Aka kira Pak Kusnadi a lasifika. Ya ƙi tashi, matan suka taso suka ɗaga shi. Ya hau dandamali ya tsaya tsakanin mata biyu da suka zo na biyu da na uku, aka ɗaura masa atamfar girki mai furanni a kan farin kayansa, aka miƙa masa sabon kasko. Shekara da shekaru yana jiran ranar da unguwa za ta tafa masa, ga ta kuwa ta zo, har da guɗa.

Yanzu in ka bi ta layinmu da safe, leƙa ɗakin baya, ƙofar a buɗe take tun da ba ta da ƙyaure. Katakon jera tempe ne har rufi. A tsakiya za ka ga Pak Kusnadi a kan ɗan kujera yana dambara wake a kan saƙar gora, don tun daga bikin nan babu mai aurar da 'ya a unguwarmu sai ya yi odar dutsen tempe. Kwanan baya na leƙa na tarar yana yi wa wata mai saye bayani.

"Ni na ƙirƙiro shi, Bu. Daga Suwizalan na kawo fasahar. Kuma ni ba na awo, ido kawai..."

"Pak!" Muryar Bu Tarmi ta taso daga tsakar gida. "Auna ragin nan da cokali kamar yadda na nuna maka. Kuma ina jar hularka?"

"Tana rataye, Bu."

"Sa ta. Gashinka na zuba a cikin wake."